Fasahar Haɗa Kayayyaki a Najeriya: El Anatsui, Makarantar Nsukka da Batun Muhalli

Fasahar haɗa kayayyaki reshe ce ta zane da sassaƙa na zamani, inda mai fasaha ba ya tsayawa ga fenti da buroshi kaɗai, ko itace da gizago, sai ya gwama abubuwa daban-daban a aiki guda: yumɓu, katako, ƙarfe, tsumma, takarda, igiya, leda, har da tarkacen da jama'a suka zubar. Sau da yawa tana tafiya tare da salon zane marar kwaikwayo, wato wanda ba ya neman fitar da kamannin mutum ko dabba ko bishiya, sai dai ya dogara ga launi da layi da siffa, da kaushi ko santsin abin da aka yi aikin da shi. A Najeriya, cibiyar da ta fi yin suna a wannan fanni ita ce sashen koyar da zane na Jami'ar Najeriya da ke Nsukka, a Jihar Inugu, kuma sunan da ya fi fita daga can shi ne na El Anatsui, ɗan ƙasar Ghana da ya koyar a sashen daga 1975 zuwa 2011.

Masu wannan salo sun daɗe suna magana a kan sauyi da kuma dangantakar ɗan Adam da ƙasar da yake rayuwa a kanta. Sai dai da wuya ka ga sun zana daji ko kogi. A wurinsu kayan aikin ne ke ɗauke da labarin: tukunyar da ta fashe, itacen da aka ƙona, ƙarfen da ya yi tsatsa, buhun da ya fara ruɓewa. Wanda bai san da haka ba zai iya tsayawa gaban aikin yana neman hoto, alhali abin da ake so ya tambaya shi ne daga ina wannan abu ya fito, hannun wa ya bi, kuma me zai zama nan gaba.

Asalin salon

A tarihin zanen Turai, ana danganta farkon zane marar kwaikwayo da Hilma af Klint 'yar ƙasar Suwidin, wadda ta fara irinsa a 1906, da Wassily Kandinsky ɗan Rasha a wajajen 1911. A 1912 kuma Pablo Picasso da Georges Braque suka fara manna takarda da wasu abubuwa a jikin zane a Faransa. A ƙarshen shekarun 1960 wasu masu fasaha a Italiya da Amurka suka koma aiki da ƙasa, duwatsu, gawayi da tsummoki.

Wannan lissafin Turai ne. Adon da ba ya kwaikwayon halitta ba baƙo ba ne a wannan yanki na Afirka. Dagin da magina ke fitarwa a bangon gidajen Zariya da Kano, aska takwas a ƙirjin babbar riga, zanen ƙwarya da saƙar faifai, duk siffofi ne masu ma'ana a wurin masu su, ba tare da sun yi kama da wani abu mai rai ba. Haka abin yake ga uli, adon da matan Ibo ke yi a jiki da bangon ɗaki, da adinkra, tambarin da Akan na Ghana ke bugawa a tufafi. Daga waɗannan ne masu zanen zamani na Najeriya suka ɗebi nasu, ba daga littattafan Turai kaɗai ba.

Mahaɗar ta faru ne a Zariya. A 1958 wasu ɗalibai na Kwalejin Fasaha, Kimiyya da Ƙere-ƙere ta Najeriya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa Ƙungiyar Zane ta Zariya. Cikinsu akwai Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Ƙorafinsu shi ne manhajar da malamansu Turawa ke koyarwa ba ta san da adon gargajiyar ƙasar ba. Matsayar da suka ɗauka, wadda Okeke ya tsara a 1960, ita ce mai zane ya riƙe dabarun da ya koya a makaranta, amma ya koma gida ya nemo siffofin da zai yi aiki da su. Okeke, wanda ya tashi a Kafanchan, ya zaɓi uli. Bayan yaƙin basasa ya karɓi shugabancin sashen zane a Nsukka a farkon shekarun 1970, inda shi da Chike Aniakor da Obiora Udechukwu suka mayar da uli ginshiƙin koyarwa. Wannan yanayi ne El Anatsui ya tarar.

El Anatsui: daga yumɓu zuwa itace

An haifi El Anatsui a 1944 a garin Anyako da ke yankin Volta na Ghana. Ya yi karatun sassaƙa a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kumasi, ya kammala a 1969, sannan ya koyar a Winneba. Tun a can ya nuna inda ya dosa. Yakan sayi farantan katako irin waɗanda mata ke kasa kaya a kansu a kasuwa, ya ɗora ƙarfe a wuta ya ƙona tambarin adinkra a jikinsu, ya rataye su a bango.

Da ya iso Nsukka sai ya koma ga yumɓu. Tsakanin 1977 da 1979 ya yi jerin ayyukan da aka sani da Fasassun Tukwane, waɗanda da gangan ya gina su da tsaga da huda da ɗori. Tunanin da ke bayansu sananne ne ga duk wanda ya zauna kusa da masu ginin tukwane. Tukunya idan ta fashe ba ta ƙare ba. Tsingaron yana zama mazubin ruwan kaji, ko a daka shi a cuɗa da sabon yumɓu don sabuwar tukunya ta jure wuta. A ƙasar da ba ta cika shekara goma da fita daga yaƙi ba, kuma a garin da yaƙin ya ɗaiɗaita, ba a buƙatar dogon bayani kafin mai kallo ya gane inda zancen ya nufa.

A 1980, lokacin wani zama na aiki a Jihar Massachusetts ta Amurka, ya fara amfani da zarto mai inji. Masassaƙin gargajiya yana bin itace a hankali, yana lallaɓa shi. Zarto mai inji kuwa yaga yake yi, ya bar tabo mai kaushi. Anatsui ya ɗauki wannan tabo a matsayin rubutu. Yakan jera filayen katako masu launi daban-daban, ya tsattsaga su da zarto, ya babbake da wuta, sannan ya shafa fenti kaɗan a wasu gurabe. Ya danganta saurin injin da rashin tausayinsa da yadda Turawa suka yayyanka Afirka a taron Berlin na 1884 zuwa 1885.

Aikin da ya fi fito da batun muhalli ƙarara a wannan zango shi ne Erosion, wato zaizayar ƙasa, wanda ya yi a 1992 a birnin Manaus na Brazil, a wani taron masu fasaha da aka shirya albarkacin babban taron duniya kan muhalli na Rio de Janeiro. Ginshiƙi ne mai tsawon kusan mita 3, na yankakkun katako da aka ɗora juna suna murɗawa zuwa sama. Ya shafe makonni yana ƙona alamomi a jikinsu, ciki har da adinkra da uli da nsibidi. Da ya gama sai ya ɗauki zarto ya keta su daga sama zuwa ƙasa cikin ɗan lokaci, ya bar gutsattsarin a zube a gindin. Ma'ana biyu ce a haɗe: dajin da ya ɗauki ɗaruruwan shekaru yana girma ana iya share shi a yini guda, haka ma harshe da al'adar mutanen da ke cikinsa. Aikin yana gidan adana fasahar Afirka na Smithsonian da ke Washington.

Murafun kwalba

A ƙarshen shekarun 1990 Anatsui ya tsinci wani buhu cike da murafun kwalaben barasa da aka yar a jeji kusa da Nsukka. Ya ajiye shi watanni kafin ya san abin da zai yi da shi. Daga baya ya gano cewa idan aka yanke murfin na alminiyam aka buɗe shi, aka daddale, aka huda gefensa, ana iya ɗinke shi da wani da wayar jan ƙarfe. Ayyuka biyu na farko da suka fito daga nan, Tufar Namiji da Tufar Mace, an nuna su a Landan a 2002, kuma Gidan Tarihi na Birtaniya ya mallake su.

Yadda ake aikin ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne rabin ma'anar take. Matasa da dama ne ke zama a ɗakin aikinsa, kowa da nasa kason. Ana yanka murfin ta hanyoyi iri-iri: a miƙe shi ya zama ɗan siriri, a naɗe shi, a murɗa shi ya zama zobe, ko a bar da'irar saman yadda take. Ana haɗa ɗaruruwa su zama ƙyalle guda mai launi ɗaya. Sai a shimfiɗa ƙyallayen a ƙasa, shi kuma ya yi ta matsar da su yana dubawa, kamar mai jera tabarmi, har sai tsarin ya kwanta masa, kafin a ɗinke su gaba ɗaya. Abin da ke fitowa ƙarfe ne, amma yana lanƙwasa kamar zane, ana iya ninke shi a sa a akwati. Daga nesa yana walƙiya kamar zinariya. Sai an matso ake ganin sunayen kamfanonin barasa a jikin kowane ɓallen.

Akwai wata ɗabi'a tasa da ta saɓa wa abin da gidajen tarihi suka saba. Ba ya aika wa masu baje koli da umarnin yadda za su rataye aikin. Su ne za su zaɓi inda zai tattare da inda zai sake, don haka aiki guda ba ya fitowa da siffa ɗaya sau biyu. Sauyi a nan ya wuce jigon da ake magana a kai, ya zama halin abin kansa.

Zaɓin murfin barasa ma yana da dalili. Barasa tana cikin hajojin farko da Turawa suka shigo da su gaɓar Afirka ta Yamma, an kuma yi musayarta da bayi, waɗanda aka kai gonakin rake a nahiyar Amurka, inda ake sarrafa wata barasar a sake dawo da ita. Murfin da aka yar a Nsukka yana ɗauke da wannan zagaye. Mutane da yawa sun kwatanta ayyukan da kente, saƙar da aka san Ghana da ita, kuma mahaifinsa masaƙi ne. Amma shi ya nuna rashin jin daɗinsa da yadda kwatancen ya rufe sauran abubuwan, yana mai cewa shi masassaƙi ne. Sunayen ayyukansa na baya sun goyi bayansa: Earth's Skin na 2007, wato fatar ƙasa, da Ozone Layer na 2010, wanda ke nuni ga rufin sararin samaniya da ke kare duniya daga hasken rana mai cutarwa, da Stressed World na 2011. A cikinsu akwai gurabe da ya bari a yage, wayoyi na reto, kamar gonar da ruwa ya ci.

Bai tsaya ga murafu ba. Ya yi aiki da marufan gwangwanin madarar Peak a 1999, ya kuma gina bango da tsofaffin magogan rogo masu tsatsa a 2000.

Duniya ta waiwayo gare shi sosai a 2007, a babban baje kolin birnin Venice na Italiya, lokacin da ya lulluɓe fuskar wani tsohon gini, Palazzo Fortuny, da labulen ƙarfe. A 2013 ya yi haka a ginin Royal Academy da ke Landan, da aiki mai faɗin mita 23 da tsawon mita 15. A 2015 Venice ta ba shi lambar Zakin Zinariya ta gudummawar rayuwa, a 2017 Japan ta ba shi lambar Praemium Imperiale. A 2019 aka yi babban baje kolin ayyukansa a Munich ta Jamus, wanda 'yan Najeriya biyu, marigayi Okwui Enwezor da Chika Okeke-Agulu, suka tsara. Daga Oktoban 2023 zuwa Afrilun 2024 kuma ayyukansa uku suka cika babban zauren Tate Modern a Landan, ɗaya daga ciki a siffar jan filafilin jirgin ruwa da iska ta cika.

Ɗalibansa

Abin da ya riƙa gaya wa ɗalibansa shi ne su duba abin da ke kewaye da su mai araha, su tara shi da yawa, domin abu ƙanƙane idan ya taru yana samun murya. Uku daga cikinsu sun kai wannan darasi ga batun muhalli ta hanyoyi mabambanta.

Nnenna Okore, wadda aka haifa a Ostareliya a 1975 ta kuma girma a Nsukka, ta kammala digirin farko a 1999, yanzu farfesa ce a Jami'ar North Park da ke Chicago. Tana aiki da buhun algarara, tsofaffin jaridu, igiya, yumɓu da rini. Takan warware zaren, ta murɗa, ta ɗinka, ta rina, har abin ya fito kamar saiwar bishiya, ko ɓawon itace, ko furen da ya fara yaushi. Hannun da take amfani da shi na aikin gida ne da ta gani tun tana yarinya, irin na saƙa da tufka da shanya. A 'yan shekarun nan ta koma haɗa wata irin roba daga ragowar abinci, wadda ke narkewa ta koma ƙasa. Wannan mataki ne mai nauyi, domin mai sayen aikin fasaha yana son abin da zai daɗe, ita kuwa tana yin abin da ta san zai ruɓe.

Bright Ugochukwu Eke, haifaffen Jihar Imo a 1976, ruwa ne abin aikinsa. Bayan ruwan sama ya yi masa illa a fata lokacin da yake aiki a Fatakwal, ya yi aikin da ya kira Acid Rain, wato ruwan sama mai guba: dubban ƙananan ledoji da aka ɗura wa ruwa, wasu garau, wasu an baƙanta su da gawayi, aka rataye su da zare kamar ɗigon ruwan da ya tsaya a iska. Babu hoton bututun da ke ƙona iskar gas a Neja Delta a ciki, amma shi ake gani. Ya kuma ɗinka rigunan ruwa da lemomi da ledojin fiya-wata da aka yar.

Ozioma Onuzulike, wanda ke koyarwa a Nsukka, ya zauna a kan yumɓu. Yana gina dubban ƙananan siffofi irin na ɓawon ƙwarar manja da irin doya, ya gasa su, ya saƙa su da waya su zama kamar manyan riguna. Doyar tasa sau da yawa a ƙone take ko a huje, abin da ke nuni ga halin da ƙasar noma da manomanta ke ciki.

Wajen Nsukka

Ba Nsukka kaɗai ke da wannan magana ba. Bruce Onobrakpeya, ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyar Zariya, wanda aka haifa a 1932, ya yi jerin ayyuka a shekarun 1980 mai suna Sahelian Masquerades a kan mutanen Sahel da barazanar fari da kwararowar hamada, daga baya ya yi wani jerin a kan gurɓatar Neja Delta. Tun 1998 yake shirya taron horaswa na Harmattan a garinsu Agbarha-Otor da ke Jihar Delta. A Zariya kuwa, marigayi Gani Odutokun, wanda ya rasu a hatsarin mota a 1995, ya shahara da tsinka fenti ya bar shi ya kwarara a kan ƙyalle, yana karɓar abin da kwararar ta haifar. Jerry Buhari, farfesa a Jami'ar Ahmadu Bello kuma ɗan Jihar Kaduna, ya daɗe yana zane marar kwaikwayo a kan lalacewar ƙasa da gurɓatar muhalli.

Muhawara

Ana yawan kiran waɗannan ayyuka fasahar sake sarrafa shara, har wasu na gabatar da su kamar maganin tarin bola. Wannan ya wuce gona da iri. Murafun da ke cikin aiki mafi girma ba su kai abin da gari guda ke zubarwa cikin ɗan lokaci ba, kuma aikin yana hawa jirgi zuwa Turai da Amurka. Masu rage bola na gaskiya su ne 'yan gwangwan da 'yan jari-bola, da maƙeran da ke narka tarkacen alminiyam su zuba tukwane, ko su mayar da gwangwani fitilar aci-balbal. Anatsui da kansa ya ƙi wannan laƙabi, yana ganin abin da yake yi sauya wa abu matsayi ne, ba mayar da shi masana'anta ba. Amfanin aikin yana wani wuri: yana sa mutum ya tsaya minti goma yana kallon abin da kullum yake takawa ya wuce.

Akwai kuma tambayar hannuwan da ke ɗinkin. Sunan mutum ɗaya ne ke kan aikin da mutane da yawa suka yi makonni a kansa, kuma tun 2012 aka sayar da ɗaya daga cikin ayyukansa a Landan a kan fiye da fam dubu 500. Masu kare tsarin suna cewa haka manyan ɗakunan sassaƙa suke tun da, kuma ɗakin ya zama wurin samun abin yi ga matasan garin. Masu suka suna ganin tazarar ta yi yawa.

Matsalar da ta fi shafar mai karatu a Najeriya ita ce ta gani da ido. Mafi yawan manyan ayyukan da aka ƙera a Nsukka suna New York, Landan, Paris da Washington. Hukumar Adana Zane-zane ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1993, ta shafe shekaru ba ta da babban zauren dindindin na kanta a Abuja. Adana irin waɗannan ayyuka ma yana da wuya a yanayinmu: danshi yana sa ƙarfe tsatsa, gara tana cin katako da takarda, ƙurar hunturu tana shiga kowace huda, leda kuma tana ƙeƙashewa ta farfashe.

Giɓin da ake cikewa, masu zaman kansu ne ke cike shi. Cibiyar Fasahar Zamani ta Legas, wadda marigayiya Bisi Silva ta kafa a 2007, ta shirya wa Anatsui baje koli a 2014 lokacin da ya cika shekara 70. Kasuwar baje kolin ART X Lagos tana ci duk shekara tun 2016, sannan an buɗe Gidan Adana Zane na Yemisi Shyllon a Jami'ar Pan-Atlantic da ke Legas a 2019. A Inugu kuma ana gudanar da gasar matasan masu zane ta Life In My City tun 2007, inda ayyukan haɗa kayayyaki ke da yawa cikin waɗanda ake shigarwa, kuma Anatsui ya ɗauki nauyin kai wasu daga cikin waɗanda suka yi nasara zuwa babban baje kolin Dakar na ƙasar Senegal.